Liyafar Al Smith: Teburin Kadinal da Baƙinsa

A birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai wata liyafa da ake yi kowace shekara cikin watan Oktoba, ana ce da ita liyafar Al Smith. Attajirai da alƙalai da masu mulki sukan hallara a babban zauren otal, maza saye da baƙar kwat da farin ɗaurin wuya, babban bishop na Katolika kuwa yana zaune a tsakiyar babban tebur. Kuɗin da aka tara a daren akan raba wa ƙungiyoyin jinƙai masu kula da mata da yara matalauta. In shekarar zaɓen shugaban ƙasa ce, akan gayyaci 'yan takarar manyan jam'iyyu biyu, kowa ya tashi ya yi ba'a da kansa, ya zolayi abokin hamayyarsa, a yi dariya, a watse. Bayan mako biyu ko uku sai a jefa ƙuri'a.

Mutumin da aka sa wa liyafar sunansa, Alfred E. Smith, ya yi gwamnan jihar Niyok har sau huɗu. A 1928 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Dimokurat, shi ne kuwa ɗan Katolika na fari da wata babbar jam'iyya ta tsayar. Ya sha ƙiyayya ƙwarai saboda addininsa. Aka baza jita-jita cewa in ya ci, Paparoma ne zai riƙa mulkin Amurka daga Roma. Herbert Hoover ya kayar da shi. Smith ya rasu a 1944, da shekara ta kewayo sai babban bishop Francis Spellman ya fara liyafar domin tunawa da shi. A 1960 John Kennedy da Richard Nixon suka zauna a teburin tare, a shekarar nan kuma Kennedy ya ci kujerar da aka hana Smith.

Sai an riƙe wannan tarihi kafin a gane abin da ya sa ikkilisiyar Niyok take ƙaunar liyafar nan haka. Jama'ar da aka raina jiya, yau manyan ƙasa ne suke zuwa cin abincinta, har suna jin tsoron ƙin amsa gayyata. Akwai daɗi a cikin wannan, ba kuwa laifi ba ne a ji daɗinsa. Amma marmarin a ga ana girmama ka abu ne mai wuyar ƙoshi, shi ne kuma tushen yawancin rigingimun da suka biyo baya.

Akwai kuma maganar doka. Tun 1954, bisa ga wani gyara da Lyndon Johnson ya kawo sa'ad da yake sanata, majami'u da ƙungiyoyin jinƙai da aka ɗauke wa haraji ba su da izinin goyon bayan ɗan takara ko yaƙarsa. Wata majami'a a jihar Niyok, ta Pierce Creek, ta sayi shafi sukutum a jarida a 1992 tana gargaɗin Kirista kada su zaɓi Bill Clinton. A 1995 aka ƙwace mata gatan nan, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2000. Saboda haka gayyatar mutum biyu tana da amfani biyu: tana nuna adalci, tana kuma kāre masu gayyatar daga hukumar haraji. A watan Yuli 2025 hukumar ta faɗa wa wata kotu a Teksas cewa ba ta ɗauki maganar fasto da jama'arsa a kan zaɓe a lokacin sujada a matsayin karya dokar ba, amma wannan wani zance ne dabam.

Inda al'adar ta fara tsagewa shi ne a bakin ƙofa, watau wurin yanke shawarar wanda za a kira. A 1996 Kadinal John O'Connor bai gayyaci Clinton ba. Abin da jaridu suka faɗa shi ne, kadinal ya husata domin a watan Afrilu na shekarar Clinton ya ƙi sa hannu a dokar hana wani irin zubar da ciki da ake yi bayan ciki ya tsufa. Domin kada a ce an nuna bambanci, Bob Dole ma ba a kira shi ba. Aka gayyaci mataimakansu, Al Gore da Jack Kemp. To, ga abin mamaki. Gore mataimakin Clinton ne, ra'ayinsu ɗaya a kan zubar da ciki, tikitinsu ɗaya a akwatin zaɓe. In zaman Clinton a teburin abin tuntuɓe ne, ta yaya zaman Gore ya zama halal? An hukunta mutum ɗaya, an bar ra'ayinsa ya shigo ta ƙofar baya ya ci abinci.

A 2004 Kadinal Edward Egan ya rufe ƙofa ga George W. Bush da John Kerry duka, aka ce batutuwan zaɓen suna raba kan jama'a ƙwarai. Kowa dai ya san Kerry ɗan Katolika ne mai goyon bayan dokar da ta halatta zubar da ciki. A watan Yuni na wannan shekara bishop-bishop na ƙasar suka fitar da sanarwa cewa kada cibiyoyin Katolika su ba da lambar yabo, ko girmamawa, ko dandalin magana ga masu saɓa wa muhimman koyarwar ikkilisiya. Shekara huɗu bayan haka Barack Obama, mai ra'ayi irin na Kerry a wannan batu, ya tsaya a dandalin Al Smith yana ba da dariya tare da John McCain.

Rigima mafi zafi ta tashi a 2012. A watan Mayu cibiyoyin Katolika 43, har da babban dayosis na Niyok, suka kai gwamnatin Obama ƙara a kan umarnin da ya tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata su sa maganin hana ɗaukar ciki a cikin inshorar lafiya. Ana cikin shari'ar sai Kadinal Timothy Dolan ya gayyaci Obama da Mitt Romney. Masu tsananin ra'ayi a ikkilisiyarsa suka yi ca a kansa. Amsar da ya rubuta ta yi suna. Ya ce liyafar ba lambar yabo ba ce, ba kuma goyon baya ba. Ya ƙara da cewa da a ce sai da tsarkaka da waɗanda ra'ayinsu ya zo ɗaya da nasa yake cin abinci, da kullum shi kaɗai zai ci. Ya kuma tuna wa masu sukarsa cewa Yesu ma an zarge shi da ci tare da masu zunubi.

Wannan amsa tana da nauyi, ya kamata a ba ta hakkinta. Shugaban ikkilisiya da ba ya iya zama da wanda ya kai ƙara, ba zai iya yi masa magana ba ran da magana ta zama dole. Amma misalin da ya kawo bai rufe dukan ramin ba. Sa'ad da Yesu ya shiga gidan Zakka, shi ne baƙo, shi ne kuma mai magana. Kafin a tashi daga cin abincin, mai karɓar haraji ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa waɗanda ya cuta riɓi huɗu. A liyafar Al Smith an juya tsarin. Ikkilisiya ce mai masauki, ita ce mai yin shiru, ɗan siyasa ne yake riƙe da makirfo, gidajen talabijin suna watsa maganarsa ga dukan ƙasa saura kwana ashirin ko ƙasa da haka a yi zaɓe. Cin abinci da mutum dabam, ba shi dandali dabam. Ba a kuwa taɓa jin ɗan takarar da ya fita daga zauren ya sauya ra'ayinsa a kan zubar da ciki, ko hukuncin kisa, ko korar baƙi, saboda abin da ya ji a daren ba. Abin da yake ɗauka ya tafi da shi hoto ne: ga shi yana dariya kusa da mai jar hula.

Dukan hujjar Dolan ta rataya a kan abu ɗaya, watau cewa baƙin za su kiyaye ladabin gidan. A 2016 igiyar ta tsinke. Kwana ɗaya bayan muhawararsu ta ƙarshe, Donald Trump ya tashi ya fara da barkwanci, sa'an nan ya ce Hillary Clinton mai rashawa ce, ya ce ta zo ne tana riya kamar ba ta ƙin 'yan Katolika. Mutanen zauren, masu farin ɗaurin wuya, suka yi masa ihu. Kadinal yana zaune tsakanin su biyun. An tara kusan dala miliyan 6 a daren. A 2024 Kamala Harris ta ƙi zuwa, ta tafi yaƙin neman zaɓe a Wiskonsin, ta aiko da saƙon bidiyo. Rabon da ɗan takara ya ƙi halarta tun Walter Mondale a 1984. Ba laifin kadinal ba ne da ta ƙi, gama ya gayyace ta. Amma sakamakon shi ne, liyafar da aka kafa hujjarta a kan mutum biyu ta zama dandalin mutum ɗaya, ya yi ta zagin abokan gābansa, shugabannin ikkilisiya suna zaune a gefensa. Ba a ɗage taron ba, ba a kuma sauya mai jawabi ba.

Mai karatu zai so ya san abin da ƙungiyoyin jinƙai suka samu a madadin wannan haƙuri. Ran 20 ga Janairu 2025 Dolan ya yi addu'a a bikin rantsar da Trump. Kafin mako ya cika, sabon mataimakin shugaban ƙasa, JD Vance, wanda ya shiga Katolika a 2019, ya fito a talabijin na CBS. Bishop-bishop sun soki sababbin matakan gwamnati a kan baƙin haure, Vance kuwa ya ce su dubi kansu, tun da suna karɓar fiye da dala miliyan 100 domin tsugunar da baƙi, ko jinƙai ne ya dame su, ko kuwa aljihunsu. Dolan ya ce wannan ƙazafi ne mai muni. Bishop-bishop suka bayyana cewa 'yan gudun hijirar da suke tsugunarwa gwamnati ce da kanta ta tantance su ta shigo da su, kuɗin da take bayarwa kuma ba ya isa, sai an cika da baikon masu bi. Gaskiyarsu ce. Amma kujerar da aka ba maigidan Vance wata uku da suka wuce ba ta saye musu ko kwana bakwai na ladabi ba.

Duk da haka akwai ƙaya a cikin maganar Vance wadda ba za a cire da fushi kawai ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ƙungiyar jinƙai da ta gina ma'aikatanta da ofisoshinta a kan kwangilar gwamnati ta ba kowane mai mulki igiyar da zai ja ta da ita. Ba jam'iyya ɗaya ce take jan igiyar ba. A 2006 ƙungiyar jinƙai ta Katolika a Boston ta daina aikin samar wa marayu iyayen riƙo, aikin da ta yi shekaru masu yawa tana yi, domin dokar jihar ta ce dole ta ba ma'aurata 'yan jinsi ɗaya yara, bishop-bishop kuwa suka ce ba za a yi ba. A lokacin nan masu ra'ayin Dimokurat ne suka ce ƙungiyar ta zama 'yar koren Rifablikan. A 2024, sa'ad da babban lauyan jihar Teksas, Ken Paxton, ya nemi rufe Annunciation House, gidan saukar baƙi a El Paso, sai zargin ya juya, aka ce masu jinƙan nan 'yan koren Dimokurat ne. Koyarwar ɗaya ce a shekarun biyu. Ƙungiyoyin nan ba su sauya sheƙa ba, sai dai kowace jam'iyya tana yaba rabin koyarwar da ya yi mata daɗi, ta kira ɗaya rabin siyasa.

Masu sukar liyafar ma ba su fita da fari tas ba. Yawancin waɗanda suka ta da murya a 2012 don an kira Obama sun yi tsit a 2024, waɗanda kuma suka ji ƙyamar 2024 ba su ga aibu a 2012 ba. Kowa yana auna tsarkin tebur da mudun jam'iyyarsa. Wanda kuma ya ce a soke liyafar gaba ɗaya, sai ya faɗi inda za a samo miliyoyin da take kawowa, gama yaron da ke jiran abinci a unguwar Bronx bai damu da wanda ya yi jawabi ba. Amma ba a gwada iyakar abin da zai yiwu ba. A shekarun da babu zaɓe ana yin liyafar, ana kuma samun kuɗi. A 2004, da aka rufe wa 'yan takara ƙofa, tsohon shugaba George H. W. Bush da tsohon gwamna Hugh Carey suka yi jawabi, rufin zauren bai faɗo ba.

Wasiƙar Yakubu, sura 2, ta yi kashedi a kan taron da ake ba mai zoben zinariya kujera mai kyau, a ce wa matalauci ya tsaya can. Wani zai ce liyafa ba sujada ba ce, gaskiya ne kuwa. Sai dai da sunan matalauta ake tara jama'ar, da rigar ikkilisiya ake karɓar baƙin, amma a tarihin da jaridu suke bayarwa na liyafar, daga Kennedy zuwa Trump, barkwancin 'yan takara ake lissafawa, ba a ambaton abin da wani mai kula da marayu ko mai saukar baƙi ya faɗa a daren. Su ne za su iya gaya wa mai neman mulki, a gaban kyamara, abin da dokokinsa suke yi wa mutanen da suke hannunsu. Annabi Natan ya shiga fādar Dawuda, amma da saƙo ya shiga, shi ne kuma ya yi magana.

A watan Fabrairu 2025 taron bishop-bishop na Amurka ya kai gwamnati ƙara domin ta tsayar da kuɗin tsugunar da 'yan gudun hijira, har da na aikin da aka riga aka yi. Aka sallami ma'aikata da dama. A watan Afrilu taron ya sanar cewa ba zai sabunta yarjejeniyarsa da gwamnati ba, bayan kimanin shekara 50 suna aikin tare. A watan Oktoba aka sāke shirya tebura a Niyok.