Ƙarfin Naushi da Zafin Nama: Abin da Guntun Bidiyo Ba Ya Nunawa

Musun wanda ya fi kowa haɗa ƙarfin naushi da zafin nama a damben boksin tsohon musu ne, sai dai 'yan shekarun nan ya canja kama. Da can mai musu dambe sukutum yake kawo maka: da wa aka kara, a wane turmi aka yi kisa, yaya aka yi kafin a kai ga nan. Yanzu waya ake zarowa daga aljihu. A nuna maka guntun bidiyo na daƙiƙa talatin, an jera kisa goma a ciki, an ɗora kiɗa, wani lokacin ma an ƙara wa hoton gudu, a ce to ga hujja. Daga nan a shiga rabon maki: wane yana da tara a ƙarfi, takwas a sauri, wane kuwa goma da bakwai. A tara, wanda makinsa ya fi yawa shi ne gwani. Kusan kullum kuma sunan Mike Tyson ne ke fitowa a sama.

Ina son Tyson, zan kuma dawo kansa. Amma wannan lissafi bai kwanta mini ba tun daga tushensa, domin ya ɗauki ƙarfi da sauri a matsayin abubuwa biyu da ake aunawa daban-daban. Wanda ya yi fiziks a sakandare zai tuna cewa idan aka ninka nauyin abin da ke gudu, ƙarfin bugunsa ninki biyu yake yi, idan kuwa gudunsa aka ninka, ninki huɗu. Sauri yana cikin ƙarfi tun farko. Dubi Deontay Wilder, wanda ake cewa babu mai nauyin hannunsa a wannan zamani. Siriri ne a ajin masu nauyi. Ranar da ya fara karawa da Tyson Fury a Disambar 2018 nauyinsa kilo 96 ne, Fury ya ɗara shi da kusan kilo 20, amma sau biyu ya kai Fury ƙasa, a turmi na 9 da na 12. Ƙarfin nan daga gudun dogon hannunsa na dama yake fitowa. Idan ka ba shi goma a ƙarfi, ka sake ba shi wani makin a sauri, abu guda ka ƙirga sau biyu.

Guntun bidiyo zai nuna maka Wilder ya shimfiɗe Luis Ortiz da naushi ɗaya a Nuwambar 2019. Ba zai nuna maka turmi shidan da suka gabata ba, inda Ortiz ke gaba a takardun alƙalai ukun duka. Fury kuwa ya gane Wilder sai da tazara hannunsa ke aiki. A Fabrairun 2020 ya yi ta matsa shi, ya hana shi fili, har mutanen Wilder suka jefa tawul a turmi na 7.

Shi ma saurin iri-iri ne. Akwai saurin hannu, wanda ido ke gani, shi ne kuma ke burge mai kallon waya. Meldrick Taylor, Ba'amurken da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1984, yana cikin mafiya saurin hannu da aka taɓa gani. Ranar 17 ga Maris, 1990, ya kara da Julio César Chávez na Meziko, wanda a lokacin ya yi dambe 68 ba a taɓa cin sa ba. Taylor ya yi ta zuba masa ruwan naushi, uku, huɗu, biyar, kafin Chávez ya mayar da ɗaya. Amma ɗayan nan na Chávez da nauyi yake sauka, a haƙarƙari, a ƙasan ido. Aka shiga turmi na 12 Taylor na gaba a takardun alƙalai biyu cikin uku, fuskarsa kuwa ta kumbura, yana haɗiyar jininsa. Gab da tashi Chávez ya kai shi ƙasa, ya miƙe, alƙalin fage Richard Steele ya dube shi ya tsayar da damben saura daƙiƙa biyu a kaɗa ƙararrawa. Har yau ana jayayya kan wannan hukunci. Abin da ba a jayayya a kai shi ne Taylor daga fage asibiti ya wuce da karayar ƙashin fuska, kuma bai sake komawa yadda yake ba. Duk wanda zai yanko daƙiƙa talatin daga damben nan, Taylor zai nuna maka.

Saurin da ke kisa wani ne daban: ka ga ƙofa ta buɗe, ka shiga kafin ta rufe. Ɗan dambe ba ya suma don an buge shi da ƙarfi kawai. Yana suma ne idan naushi ya juya masa kai farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, shi ya sa ake neman haɓa. Mutumin da ya ga naushi na zuwa yakan ɗaure wuya, ya sunkuyar da haɓa, ya bi naushin da kansa, sai bugun ya rage kaifi. Wanda bai gani ba wuyansa a sake yake. Juan Manuel Márquez bai kai Manny Pacquiao saurin hannu ba, kowa ya sani, amma a Disambar 2012 ya tare shi da dama daidai lokacin da Pacquiao ke afkowa, saura daƙiƙa ɗaya turmi na 6 ya ƙare, Pacquiao ya faɗi rubda ciki.

A wurina babu inda wannan ya fito fili kamar naushin da Sugar Ray Robinson ya yi wa Gene Fullmer a Shikago ranar 1 ga Mayu, 1957. Fullmer ƙaƙƙarfa ne mai taurin kai, wata huɗu kafin nan ya ƙwace kambun matsakaita nauyi daga hannun Robinson da maki. Robinson kuwa saura kwana biyu ya cika shekara 36, ƙafarsa ta fara sanyi. Turmi huɗu Fullmer yana tura shi, yana danna shi. A na biyar Robinson ya riƙa aika dama zuwa jikinsa, Fullmer ya fara sauke hannunsa na dama yana shirin ramawa, ya tako gaba. Cikin wannan takun Robinson ya ɗan karkata, ya murɗa ƙugu, hagunsa ta fito a lanƙwashe, gajeriya, ta sami haɓa. Fullmer ya zube, ya yi yunƙurin tashi ya kasa. Shi ke nan karo ɗaya tak da aka taɓa ƙirga masa goma a rayuwarsa ta dambe. Idan naushin kaɗai ka kalla, za ka ce ƙarfi ne da sauri, ka ba da maki. Idan ka kalli abin da ya gabace shi, za ka ga tarko ne aka ɗana aka jira. Robinson ya yi dambe wajen 200, ya yi kisa fiye da 100, kuma yakan yi shi da hagu ko da dama, yana gaba ko yana ja da baya. Shi ne na farko a wurina.

A ajin masu nauyi Joe Louis nake ba, na san kuma nan ne za a yi mini ca. Hotunansa baƙi da fari ne, yana jan ƙafa a hankali, fuska ba yabo ba fallasa, ba ya ihu, ba ya tsalle. Matashin da ya saba da bidiyon Tyson zai ce wannan ai a sanyaye yake. Sai ka tsayar da hoton ka duba hannayen. Naushinsa gajere ne ƙwarai, ba ya ja da hannu baya kafin ya saki, ba ya ɗaga kafaɗa ya sanar da kai yana tafe, kuma kowane naushi yana barin jikinsa a daidai inda na biyu zai fito. Max Schmeling na Jamus ya lura yana sauke hagu bayan ya miƙa ta, ya buge shi a turmi na 12 a 1936. Louis ya koma ya gyara, a Yunin 1938 ya gama da Schmeling cikin minti biyu da daƙiƙa huɗu. Ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25.

Damben da ya fi gamsar da ni shi ne nasa da Billy Conn a Yunin 1941. Conn ya fi shi sauƙin jiki, ya fi shi saurin ƙafa, turmi goma sha biyu yana zagaya shi, yana gaba a maki. A na 13 Conn ya tsaya don ya yi musayar naushi, yana son ya yi kisa shi ma. Louis bai buƙaci fiye da haka ba, kafin turmin ya ƙare an ƙirga wa Conn goma. Haka ya yi wa Jersey Joe Walcott a turmi na 11 a 1948, bayan Walcott ya kai shi ƙasa tun farkon damben. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ƙarfi da saurin da mutum ke da su a turmi na farko, yana da numfashi, abokin karawa na tsoronsa, da yawa suna da su. Waɗanda ke rage masa bayan minti talatin da biyar ana wahalar da shi, su nake aunawa.

Yanzu ga Tyson. Daga 1985 zuwa 1988 ban musa ba, abin da ya nuna abin mamaki ne. Ya zama zakaran duniya yana da shekara 20 da ya buge Trevor Berbick a Nuwambar 1986, ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91 a Yunin 1988. Amma saurin da ya sa ya gagara a kansa da ƙafarsa yake: yana kaɗa kai hagu da dama, ya kauce wa hannun dogon mutum, ya shige ƙarƙashinsa, sannan ya saki huɗu a jere. Mai horar da shi Cus D'Amato ne ya gina masa wannan, Kevin Rooney ya ci gaba da riƙe shi. D'Amato ya rasu a 1985, Tyson ya rabu da Rooney a 1988, daga nan kaɗa kan ya ragu, ya koma neman kisa da naushi ɗaya. Hannun bai yi sanyi ba, nauyinsa bai ragu ba, hujja kuwa ita ce ya kai Buster Douglas ƙasa a turmi na 8 a Tokiyo a Fabrairun 1990. Douglas ya tashi, ya buge shi a na 10. Evander Holyfield ya tsayar da shi a na 11 a 1996. Duk ranar da aka jure masa guguwar farko aka fara rama masa, ba ya samun hanyar dawowa. Na san shekaru ukun da ya yi a kurkuku sun ci masa lokaci, na kuma san halin da ya taso a ciki, abin tausayi ne. Amma ba zan ɗora shekara ukun ganiyarsa a kan shekara goma sha biyun Louis ba.

Mu da muka san damben gargajiya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Hannu ɗaya ne a naɗe, kowa a fage ya san da shi za a yi kisa, abokin karawa ma ya sani. To me ke raba gwani da mai ƙarfin banza? Ɗayan hannun da ke miƙe yana auna tazara, takun ƙafa, da haƙurin jiran mutum ya saki nasa ya buɗe. Dambe nawa ake tashi turmi uku babu kisa, amma dattawan gefen fage su tashi sun san wanda ya fi? Shi ma yanzu guntayen kisa ake yankawa a watsa a Facebook da TikTok, kuma abin da ke damuna shi ne yaron da ke koyo zai ɗauka dambe ke nan, ya yi ta wurgi da hannu, haɓarsa a waje. Ko manya ba su tsira ba. Anthony Joshua ya kai Andy Ruiz ƙasa a turmi na 3 a Yunin 2019, ya afka don ya ƙarasa, Ruiz mai teɓa ya tare shi da gajeriyar hagu a gefen kai, daga nan ƙafarsa ba ta sake zama daidai ba har aka tsayar a na 7.

Cikin waɗanda ke dambe a yau mutum ɗaya nake iya ambata kusa da Robinson da Louis, shi ne Naoya Inoue na Japan, kuma da wuya ka ji sunansa a majalisa saboda nauyinsa bai wuce kilo 55 da 'yan kai ba. Ya haɗa kambu huɗun duniya a aji biyu, a 2022 da 2023. Yana da kisan daƙiƙa 70 da ya yi wa Juan Carlos Payano a 2018 ga mai son guntun bidiyo. Ni damben da ya yi da Nonito Donaire na Filifin a Nuwambar 2019 nake nuna wa mutane. A turmi na 2 hagun Donaire ta fasa masa gira, ta karya ƙashin gefen idonsa na dama, ya koma yana ganin mutum biyu. A haka ya yi sauran turmi goman, yana kare idon da safar hannu, har a na 11 ya zura hagu a hantar Donaire ya durƙusar da shi, ya ci da maki. A Mayun 2024 Luis Nery ya kai shi ƙasa a turmin farko, karo na farko a rayuwarsa, a gaban mutanensa a Tokiyo. Ya tsaya a gwiwa yana sauraron ƙirgar alƙali, bai yi gaggawar miƙewa ba. Ya kayar da Nery a turmi na 2, ya sake a na 5, ya gama da shi a na 6.