Jinjina ga masu lambun Dandume

Kowa ya san Dandume da masara, manyan motoci na fita daga kasuwarta shaƙe da buhuna. Amma jinjinata ta yau ta masu lambu ce, waɗanda ba a cika ambaton su ba.

Da damina ta ɗauke, sai su gangara fadama. Ka ga dattijo ya naɗe ƙafar wando, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya zuwa fangalin albasa da tattasai, injin ban-ruwa na ta ƙugi a gefensa. Shirin Fadama na Bankin Duniya ya taimaka wajen yaɗa irin waɗannan injuna. Malaman gona na hukumar noma ta jiha, wato KTARDA, da na sashen noma na ƙaramar hukuma su ma sun cancanci sannu da aiki, ko da yake takin gwamnati kan iso a makare.

Matan cikin gari sun fi burge ni. Zogale a bayan ɗaki, yakuwa da alayyahu cikin tsohuwar roba, ana ba su ruwan alwala da kashin awaki. Akuyar da ta ba da takin kuma ita ce babbar ɓarauniya, shi ya sa inna ke kewaye shukarta da ƙaya.