Odewale: Ƙaddara Ce Ko Zafin Zuciya?

Yaranmu 'yan sakandare sun zaunar da mu sun karanta mana wasan Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, wanda aka fara nunawa a Ile-Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Masu sharhi da yawa suna cewa Sarki Odewale abin tausayi ne kawai, tunda tun yana jariri boka ya ce zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Mu dai ba mu gamsu ba.

Zancen boka ba hujja ba ne a wurinmu, Allah Ya tsare, amma mu bi wasan yadda aka rubuta shi. A gonar Ede, dattijo ya zo zai ƙwace masa amfanin gona, Odewale ya daure. Sai da dattijon ya yi wa harshensa dariya, ya raina ƙabilarsa, sannan ya ɗaga fartanya. Ashe ubansa ne, Sarki Adetusa. Ashe ƙabilar da ya zubar da jini dominta ma ba tasa ba ce. Mu mazauna Sabo mun san zafin a kwaikwayi bakinka a kasuwa, shi ya sa wannan wurin ya tsaya mana a rai.

Ba mu hana shi nasa ba. Ya tsaya wa mutanen Kutuje lokacin annoba, kuma da gaskiya ta fito bai nemi sassauci ba, da hannunsa ya cire idanunsa. To amma ƙanensa Aderopo fa? Ya kore shi daga gari kan zato kawai, babu shaida ko ɗaya.