Lizimtar Abu Guda: Darasin Ojeikere ga Mai Koyon Ɗaukar Hoto

Galibin samarin da su ke koyon ɗaukar hoto sun fi mai da hankali ga na'ura, wace ce ta fi tsada, wace ce ta fi fid da launi. Alhali kuwa in aka duba ayyukan masu fasahar da suka yi suna daga 1960 zuwa yau, sai a tarar da yawansu abu guda suka zaɓa, suka lizimce shi shekara da shekaru, har ya buɗe musu abin da ba ya buɗe wa mai wucewa.

Misali mafi kusa shi ne J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930, ya rasu a Ikko a 2014. A 1950 ya sayi kyamararsa ta fari, wata 'yar ƙarama ƙirar Brownie D. A 1968 ya soma ɗaukar kitson matan Nijeriya, bai fasa ba sai da ya tara hoto wajen 1,000. Tsarin aikin ba ya sākewa. Hoton baƙi da fari ne, bango fili ne ba ado, sa'an nan yawanci ta ƙeya ya ke ɗaukar mace, ko kuwa ta gefe. Da ya kawar da fuska da tufa da ɗaki, ido ba shi da wurin sauka sai kan kitso, sai mai kallo ya ga tsaga da tufka da tsayi kamar yadda a ke ganin gini. Wani kitson ma sunansa da Yarbanci Onile Gogoro, watau dogon bene.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga masu ilmin harshe. In su na so su nuna aikin karin sauti a Hausa, sai su jera kuka na hawaye da kuka ta miya. Baƙaƙensu ɗaya, tsawon wasulansu ɗaya, karin gaɓar ƙarshe kaɗai ya raba su, don haka ne kunne ya ke kama shi nan da nan. Haka Ojeikere ya yi: ya tsai da kome wuri ɗaya, ya bar abu guda ya na sāke kama. Hotonsa ɗaya kyakkyawa ne, amma sai an jera ashirin ne ma'anar aikin ta ke fita.

A Jamus ma Bernd Becher da matarsa Hilla sun bi irin wannan hanya tun daga 1959, su na ɗaukar tankunan ruwa da gine-ginen ma'adinai. Su kan jira ranar da gari ya yi lumshi don kada inuwa ta ɓata siffa, su ɗauki ginin gaba da gaba, kana su jera hotunan sahu-sahu. A bikin nunin fasaha na Banis a 1990 aka ba su babbar lamba, ta sashen sassaƙa kuwa, ko da ya ke ba su taɓa riƙe gizago ba. El Anatsui, mutumin Gana da ya koyar a Jami'ar Nsukka daga 1975, shi ba mai hoto ba ne, amma halin ɗaya ne: ya shafe shekara fiye da 20 ya na ɗinke marafan kwalabe da wayar jan ƙarfe, su zama kamar manyan mayafai, bai kuwa ƙure abin da marfi zai iya yi ba.

Amma fa hanyar ta na da aibinta, lalle ne mai koyo ya san shi. Da fari, tsarin da ba ya sākewa ya na iya zama mafakar rago, mutum ya yi ta maimaita hoto guda ya ce jeri ya ke yi. Abin da ya tsare Ojeikere daga wannan shi ne ya san kitso, ya na neman sunan kowanne da inda ya fito. Na biyun ya fi nauyi. Sunan kitson ne a ke gani ƙarƙashin hotunan nan a gidajen nuni, tare da na mai kyamara; makitsiyar da ta wuni ta na tsaga da ɗaurin zare ba a san ta ba, ga shi kuwa rabin fasahar tata ce.

Saurayin da zai gwada wannan hanya a Zariya ko Kano ya na da zanen bangon gidajen ƙasa, wanda siminti ya ke ci kullum. Ya ɗauke su a sa'a ɗaya ta rana, daga nisa ɗaya, ya kuma rubuta unguwa da shekara da sunan maginin, in akwai dattijon da ya ke tune da shi.