Wa ya ƙara wa miyar Silo ruwa?

Tun da aka fara haska Silo a Apple TV+ a watan Mayun 2023 nake musu da kaina a kan wannan shiri. Ina son sa, har nakan ba abokai shawarar su kalla. Amma duk sanda na gama wani kashi sai in ji kamar an ba ni tuwo mai kyau da miyar da aka tsinka don ta isa baƙi.

Ga wanda bai san labarin ba: mutum dubu goma ne ke zaune a cikin wani ƙaton rami mai hawa 144 a ƙarƙashin ƙasa. Babu lifta, sai matattakala guda ɗaya mai murɗewa daga sama har ƙasa. Ba wanda ya san wa ya gina wurin ko me ya kashe duniyar waje. Abin da suka sani shi ne hoton da kyamara ke nuna masu a bangon ɗakin cin abinci, wato tudu busasshe da matacciyar bishiya da gawawwakin waɗanda suka fita. Babban laifi a wurin shi ne mutum ya furta cewa yana son fita. Da ya faɗa za a cika masa burinsa, a sa masa rigar kariya, a miƙa masa ƙyallen ulu ya goge gilashin kyamarar kafin ya faɗi. Abin mamakin shi ne kowa yakan rantse ba zai goge ba, kuma kowa sai ya goge.

Daga wannan ƙyalle littafin farko ya samo sunansa, Wool, wato ulu. Ita kuwa kalmar Silo ma'anarta rumbu, kuma ina ganin Bahaushe ya fi mai kallo na birnin Landan saurin gane inda aka dosa. Ba a gina rumbu don jin daɗin hatsin da ke ciki. Wani ne ya zuba, ya rufe, yana jiran ranar da zai buɗe ya ɗebi iri.

Hugh Howey, Ba'amurken da ya rubuta labarin, yana aiki ne a kantin littattafai a jihar North Carolina lokacin da ya saki kashin farko a 2011. Gajeren labari ne, shi ya wallafa abinsa a Amazon, yana sayarwa ƙasa da dala ɗaya. Masu karatu suka yi ta neman ci gaba, ya ƙara kashi huɗu, aka haɗa biyar ɗin suka zama littafi a 2012. Da kamfanin Simon & Schuster ya zo nema, sai ya sayar masu da haƙƙin bugawa a takarda kawai, ya riƙe na intanet a hannunsa. Littafi na biyu da na uku, Shift da Dust, suka biyo baya a 2013. Duk wanda ya taɓa sayen littafin Hausa na ɗaya ya koma kasuwa neman na biyu, ko yake biyan marubuciya a WhatsApp don a turo masa shafin gobe, ya san wannan ciniki. Marubucin da ke sayar da labari kashi-kashi ba ya da damar yin rowa. In kashin yau bai ƙosar ba, ba mai dawowa gobe.

Shi ya sa Howey bai ɓoye gaskiyar duniyar waje ba a kashin farko. (Wanda bai kalla ba, kuma ba ya son a ɓata masa, ya tsallake wannan sakin layi.) Holston, shugaban 'yan sandan rumbun, ya fita shekara uku bayan matarsa Allison. Ta gilashin hularsa ya ga ciyawa kore shar da sararin sama garau, ya tabbata ƙarya ake nuna wa mutanen ciki, ya goge kyamarar don tausayinsu. Da numfashi ya fara gagararsa ya cire hular, sai ya ga matacciyar duniyar nan dai ita ce gaskiya, koren ne na jabu, hoto ne aka dasa masa a gilashi. A zama ɗaya mai karatu ya sami tambaya, ya sami amsa, amsar kuma ta fi tambayar ciwo. Daga nan ba wai kana karatu don ka gano sirri ba ne. Kana karatu ne da sirrin a cikinka, kana kallon mutanen kirki suna tafiya zuwa ga ramin da kai ka riga ka gani.

Graham Yost, jagoran shirin talabijin ɗin, da marubutansa sun ɗauki wannan amsa guda suka kulle ta har kashi na goma. Don cike tsakanin, sai suka mai da zangon farko binciken kisan kai: wa ya kashe George Wilkins, ina faifan kwamfutar da ya ɓoye, wa ke leƙen mutane ta bayan madubi. Suka ƙara wa Sashen Shari'a ƙarfi da jami'ai masu baƙaƙen kaya, suka ƙirƙiro wata cuta mai sa karkarwa, da wata ƙungiyar asiri mai adana tarihi. Littafi ɗaya ya ci zango biyu, kashi ashirin. A Disambar 2024 kuma aka sanar cewa zango na huɗu ne zai zama na ƙarshe, ke nan littattafai biyun da suka rage za su matsu a cikin zango biyu. An yi shimfiɗa da faɗi a inda labarin yake siriri, za a kuma naɗe tabarma da gaggawa a inda ya fi kauri, domin Shift ne ke komawa baya ya nuna 'yan siyasar Amurka da suka sa aka haƙa rumbunan tun farko.

Ba Silo kaɗai ke wannan ba, abin ya zama yayi. Littafin Margaret Atwood na 1985, The Handmaid's Tale, guda ɗaya ne, zangon farko ya cinye shi a 2017, amma shirin bai tsaya ba sai a zango na shida a 2025. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waɗannan kamfanoni ba tikiti suke sayarwa ba, kuɗin wata suke karɓa, kuma tambayar da ba a amsa ba ita ce igiyar da ke hana mai kallo yanke rajista. Masu bin finafinanmu masu dogon zango ba sa bukatar a yi masu bayanin yadda ake yi: maganar da za a gama a zaure ɗaya sai ta kai sati uku, jaruma na buɗe baki za ta tona asiri sai waya ta yi ƙara.

Amma kada in ci zalin shirin. Akwai abin da ya yi wanda takarda ba ta iya ba, shi ne matattakalar nan. A littafi an gaya mani cewa saukar magajiyar gari Jahns da mataimakin shugaban 'yan sanda Marnes zuwa ƙasan rumbun ta ɗauki kwanaki. A allo na gani da idona: 'yan dako na haki da kaya a baya, fitilu na raguwa, tufafi na ƙara dauɗa yayin da ake nisa da sama. Ba sai wani ya yi huɗuba a kan masu mulki da talakawa ba. Masu kwamfuta da masu shari'a na can sama, makanikan da ke ba kowa wuta na can ƙasa cikin zafi da maiƙo, tsakaninsu kuwa gwiwa ce kawai. Hana lifta ma dabarar mulki ce, don mutanen da ba sa iya haɗuwa cikin sauƙi ba sa iya haɗa baki. Sai kashi na uku na zangon farko, inda Juliette, ɗaya daga cikin makanikan, wadda Rebecca Ferguson ta fito a matsayinta, ta sa aka kashe janareta don a gyara shi. Ana ta fama da tururi da ƙarfe, babu wani sirri a ciki, kowa ya san abin da zai faru in aikin ya ƙi, kuma ban iya ɗaga ido daga allon ba. Haka kashin farko na zango na biyu, inda bayan ta fita daga rumbunsu take ita kaɗai a wani rumbun, na 17, tana harhaɗa gada da tarkace, kusan ba magana. Mai da Walker, wanda namiji ne a littafi, mace, tsohuwar da ta shekara da shekaru ba ta taka ƙofar shagonta ba, shi ma canji ne da ya yi kyau, Harriet Walter kuwa ta riƙe shi da hannu biyu.

Ka lura, duk wuraren da na yaba, wurare ne da aka bar mai kallo ya san komai. Inda shirin ya yi rauni kuwa shi ne inda yake wasan ɓuya da ni. A zango na biyu Juliette ta shafe kusan dukkan kashi goman a rumbu na 17 tare da wani mai suna Solo, yau rigar fita, gobe famfon tsotse ruwa, jibi ciwo a hannu, kowace matsala an ajiye ta ne don kada ta isa gida kafin kashin ƙarshe. Steve Zahn ya yi ƙoƙari ƙwarai a matsayin Solo, mutumin da ya girma shi kaɗai a bayan ƙofar ƙarfe, amma gwanintar ɗan wasa ba ta ɓoye cewa ana jan ƙafa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Labarin Howey a kan shugabannin da suka yanke cewa jama'a ba za su iya ɗaukar gaskiya ba ne, sai a riƙa tsakura masu ita. Bernard, shugaban sashen kwamfuta da Tim Robbins ya fito a matsayinsa, ba mahaukaci ba ne. Ya yi imani cewa ƙaryarsa ce ke raya mutum dubu goma, har salatif ɗin da ake liƙe rigar masu fita da shi da gangan ake ba da marar kyau, don kowa ya faɗi a gaban kyamara, na ciki su ƙara riƙo da gidansu. To sai ga masu shirin suna bi da ni yadda Bernard ke bi da mutanensa: sun san amsar, sun auna cewa in suka ba ni da wuri zan tafi, sai suke miƙo mani ita cokali-cokali. Howey ya yarda da mai karatunsa tun shafukan farko, lokacin da abin da ke tsakaninsu bai kai dala ɗaya ba.

Zan kalli abin da ya rage, ba na musu. Ina son ganin yadda za su nuna Washington kafin a rufe rumbunan, wadda suka ɗan leƙa mana a mintunan ƙarshe na zango na biyu. Amma ƙanena da ya tambaye ni ta ina zai fara, Wool na tura masa, na ce ya karanta kashin Holston kaɗai a daren, in ya iya barci bayan nan sai ya sayi data.