Hoto da takensa: nazari bisa tsofaffin hotunan « mayaƙan Moro »

1. Gabatarwa

Tsakanin 1899 da 1913, lokacin da Amurka ke kafa mulkinta a kudancin ƙasar Filipin, an ɗauki ɗimbin hotunan Musulmin tsibirin Mindanawo da na tsibiran Sulu. Da yawa siffarsu guda ce: namiji tsaye, takobi a ƙugu, mashi ko garkuwa a hannu. A ƙasa an rubuta kalma biyu da Ingilishi, ma'anarsu « mayaƙin Moro ». Wannan ɗan rubutu, da za mu kira take (légende a Faransanci), shi za mu bincika. Ra'ayinmu shi ne taken yana rufe abin da hoton ke nunawa, kuma wanda ya iya karanta makamai ya fi sanin mutumin da ke tsaye.

2. Kalmomin take

Moro kalmar Sifaniyanci ce, daga Latin Maurus. Tushenta guda da Maure na Faransanci da sunan Muritaniya. Da ita Sifaniyawa suka kira Musulmin Andalus. Da suka zauna a Filipin daga 1565, suka tarar da Musulmi, sai suka laƙaba musu ita. Watau sunan baƙi ne, ya haɗa al'ummomi masu harsuna daban-daban: Tausug na tsibirin Holo, Yakan na Basilan, Sama mazauna gaɓar teku, Maranawo na tabkin Lanawo, da Magindanawo.

Haka abin yake ga juramentado, « wanda ya yi rantsuwa », sunan da Sifaniyawa suka ba mutumin da ya afka wa sojoji da takobi har a kashe shi. Tausug suna cewa parrang sabil. Bahaushe zai gane sabil ɗin nan, domin shi ne na fisabilillahi. Kalmar baƙi ta riƙe rantsuwar, ta yar da dalilinta.

Ta fuskar nahawu kuma, « mayaƙin Moro » suna ne na gama-gari: babu sunan yanka, babu gari, babu aikatau balle lokaci. Mutum guda ya zama samfurin jinsi.

3. Abin da makamai ke faɗa

Makaman sun fi taken bayani. Barong gajeren takobi ne mai faɗi, kamar ganye. An fi saninsa a Sulu. Kampilan dogo ne, yana ƙara faɗi wajen tsini. Na Maranawo da Magindanawo ne. Kris, da Tausug ke kira kalis, mai kaifi biyu ne, wani miƙaƙƙe, wani mai lanƙwashe-lanƙwashe. Akwai kuma sulken da ake haɗawa da fale-falen tagulla ko na ƙahon ɓaunar gida. Ke nan siffar takobi tana iya nuna yankin da mutum ya fito.

Ƙota kuwa tana nuna matsayi. In ta hauren giwa ce ko an yi mata ado da azurfa, to mai ita datu ne, watau basarake, ko mai dukiya. Takobi a can yana cikin suturar namiji mai mutunci. Saboda haka wanda take ya kira mayaƙi yana iya zama mai sarauta ne da ya sa kayan ado don a ɗauke shi hoto.

4. Wa ke riƙe da makami?

Ya kamata a lura da zamanin da hotunan suka yawaita. A 1904 an kai mutanen Lanawo da Sama baje-kolin duniya na Saint-Louis a Amurka, ana kallonsu cikin ƙauyukan da aka gina don nuni. A 1911 Janar Pershing ya ba da odar karɓe makamai, har da takubba. Rikicin da ya biyo baya ya kai ga yaƙin Bud Bagsak a 1913. Abin da aka haramta a ƙugu, shi aka riƙa so a hoto. Bindigogi da igwar tagulla, lantaka, da suka kare ganuwoyinsu da su, ba safai ake ganinsu a hotunan tsayuwa ba, domin takobi ya fi dacewa da labarin mutanen da zamani ya bari baya.

Hoto guda ya juya wannan tsari. A watan Maris na 1906, sojojin Janar Leonard Wood suka kashe ɗaruruwan Tausug, har da mata da yara, a ƙwanƙolin dutsen Bud Dajo. A hoton da aka ɗauka bayan haka, sojojin Amurka ne a tsaye, gawawwaki na cikin rami a gabansu. Masanin tarihi Kim Wagner ya yi littafi bisa wannan kisa da hotonsa a 2024. Duk wanda zai yi aiki da hotunan « mayaƙa » ya ajiye wannan kusa da su.

5. Kammalawa

Ma'anar kalmar ta sake daga baya. Ƙungiyar MNLF, a farkon shekarun 1970, ta mai da Moro sunan alfahari, kuma a 2019 aka kafa yankin Bangsamoro mai cin gashin kansa. Kuskure ne a karanta wannan sabuwar ma'ana cikin taken zamanin mulkin mallaka.

Matsalar ta shafe mu. Katunan hoto na zamanin Faransawa suna ɗauke da irin wannan take: guerrier, type, indigène. Ɗalibin da ya sami hoton mahayi da lifidi daga Damagaram, kafin ya sa shi cikin kundinsa, ya tambayi abu uku: wa ya ɗauki hoton, wa ya rubuta taken, kuma da wane suna mutanen wurin ke kiran mahayin da kayan da ke jikinsa.