Sharhi a Kan Darasin Auna Fahimta da Matsalar Tantance Labari a Makarantun Gusau, Tsafe da Bunguɗu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a dubi darasin auna fahimta kamar yadda ake koyar da shi a azuzuwan Hausa na makarantun sakandare, don a ga ko yana shirya yaro ga irin karatun da zai tarar in ya bar aji. Abin da za mu faɗa ya samo asali ne daga zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a waɗansu makarantu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, darasin yana koya wa yaro gano abin da aka ce, amma bai koya masa tambayar wanda ya ce ba.

2.0 Tsarin Darasin

Tsarin sananne ne ga mahalarta wannan taro. Malami ya karanta labari, yara su maimaita, a fitar da kalmomi masu wuya, sa'an nan a zo ga tambayoyi: Wa ya tafi kasuwa? Mutum nawa suka mutu? Kowace amsa tana kwance a cikin labarin, aikin yaro kawai ya tono ta. Ba mu musun amfanin wannan, domin wanda bai fahimci magana ba, ba shi da ikon auna ta. Aibin shi ne, yaron da ya shekara shida ana ba shi maki saboda ya kwafo abin da takarda ta ce, zai fita da aƙidar cewa duk abin da aka rubuta gaskiya ne. Wannan yaro kuwa shi ne zai koma gida ya saurari rediyo, ya buɗe Facebook da WhatsApp, ya kuma karanta wa iyayensa abin da ya gani.

3.0 Abin da Ke Jiran Yaro a Waje

A Jihar Zamfara wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da aka sace 'yan matan makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairu, 2021, adadin da aka fara bayarwa, kafofin labarai na duniya suka ɗauka, shi ne 317. Ranar 2 ga Maris aka sako su, hukuma ta ce 279 ne. Ba lalle ne a ce wani ya yi ƙarya ba; labarin farko yakan fito ne cikin ruɗani. To, amma yaron da aka horar ya cike gurbi da lamba ɗaya tak, me zai yi da lambobi biyu?

Har wa yau, a watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar hannu a jihar saboda matsalar tsaro. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, sauran wurare suka ƙara makonni. Mutanen Tsafe da Bunguɗu suka koma ga rediyo da bakin matafiya a tasha. Jita-jita ba ta mutu don an kashe waya ba. Wannan ya nuna cewa matsalar ba ta na'ura ba ce, ta mai saurare ce. A inda labarin hari kan sa a bar gona, ko a rufe kasuwa, ko a kai ramuwa kan wanda bai ji ba bai gani ba, rashin tantance labari yana iya cin rai.

4.0 Kayan Aikin da Ke Hannunmu

Hukumar UNESCO ta fitar da Sanarwar Grunwald a kan ilmin kafofin watsa labarai tun 1982, ta kuma wallafa manhajar malamai a 2011. Amma malamin Hausa ba sai ya jira kwamfuta ko sabuwar manhaja ba, saboda dalilai uku.

Na farko, harshen kansa yana rarrabe darajar labari. A dubi waɗannan jimloli:

(a) Na ga an rufe hanyar Tsafe.
(b) Direba ya ce an rufe hanyar Tsafe.
(c) Wai an rufe hanyar Tsafe.

Kowane Bahaushe ya san (a) shaida ce, (b) ruwaya ce mai uba, (c) kuwa marainiya ce. Haka nan "an" da "aka" sukan ɓoye mai aikatawa. Muna koyar da waɗannan a darasin nahawu, mu manta da su a darasin karatu.

Na biyu, yawancin yaranmu suna zuwa Islamiyya, inda suka ji cewa ana duba isnadin hadisi kafin a karɓi mataninsa. Tambayar "daga wa ka ji?" ba baƙuwa ba ce gare su, mu ne ba mu shigo da ita aji ba.

Na uku, tarihin aikin jarida da Hausa. Muna sa yara su haddace cewa an kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko. Ba mu cika gaya musu cewa gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta ba, ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, tana da nata muradi. Haka Sashen Hausa na BBC, da aka buɗe a 1957, da na Muryar Amurka a 1979: kowace kafa da mai ita. Sanin mai kafa ba ya ƙaryata labarinta, amma yana nuna inda za a sa ido.

5.0 Shawara

Muna ba da shawarar a ƙara tambayoyi huɗu a ƙarshen kowane darasin auna fahimta: Wa ya faɗa? Gani ya yi ko ji? Wa zai amfana in an yarda? Muryar wa ba a ji ba? Sau ɗaya a mako kuma, malami ya sa yara su saurari labari guda daga tashoshi biyu, su kawo kalmomin da kowace ta zaɓa, misali "'yan bindiga" ko "ɓarayin daji" ko "'yan ta'adda", a tattauna bambancinsu. Wannan ba ya bukatar lantarki.

Wani zai ce hakan zai koya wa yara raina maganar manya, ko su ƙi yarda da kome. Tsoron yana da tushe, domin mai ƙaryata kowane labari ɗan'uwan mai gaskata kowane labari ne, dukansu sun huta da bincike. Abin da muke nema shi ne yaro ya iya jinkirta hukunci cikin ladabi har ya sami madogara.

6.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa darasin auna fahimta ya tsaya a rabin hanya, kuma abin da zai cike shi yana cikin harshen da muke koyarwa. Gyaran zai fara ne daga kwalejojin ilmi, domin malamin da ba a taɓa tambayarsa madogara ba, da wuya ya tambayi ɗalibinsa. Saura masu tsara jarrabawa, waɗanda in ba su ba irin waɗannan tambayoyi maki ba, malamai za su tsallake su. Wannan kuwa mun bar wa taro ya tattauna.